Kujerar Hagu a Fadar Tranehus

Akwai wani dattijo mai suna Folke Trulsson, wanda labarinsa ya zagaye ƙauyukan kudancin Sweden, kuma kusan duk mai ba da shi ɓata shi yake yi. Cewa suke yi wai a ranar walimar fadar Tranehus harshensa ya warware, ya yi jawabi tiryan-tiryan kamar mai karanta labarai a rediyo. Wannan ba gaskiya ba ne. Folke mai in'ina ne tun yana ɗan shekara biyar. Da in'inarsa ya shiga fadar, da ita kuma ya fito. Masu ƙara wa labarin gishiri sun ɗauka gata suke yi masa, alhali kuwa ainihin abin da ya yi suke binnewa. Ga yadda abin ya faru, a karanta a natse.

Folke mai kiwon shanu ne da ya ajiye aiki. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a garken gonar da ke bayan fadar, yana tatsa da asuba, yana tatsa da yamma. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, bai taɓa aure ba.

Ba abin faɗa ya rasa ba. Matsalarsa ita ce, idan ya fara magana kalma takan maƙale masa a maƙogwaro, kuma kafin ya ciro ta wani ya riga ya ƙarasa masa. Wani lokaci a dace, wani lokaci a faɗi abin da bai taɓa zuwa ransa ba. Ya sha dawowa daga shago da sabulu alhali sukari ya je saye. Da shekaru suka tura, sai ya koyi gyaɗa kai, domin ya fi sauƙi.

Yana da ƙanwa guda, Hillevi, wadda ya ba shekara tara. Ita ce ta kafa masana'antar cuku ta ƙauyen da tukunya ɗaya da ma'aikata biyu, har ta kai ana neman cukunta a shagunan Malmö da Stockholm.

Wata safiya a watan Afrilu ta shigo ɗakin girkinsa ba ta ko cire rigar sanyi ba.

"Yaya, zuba mini gahawa, sannan ka zauna. Na kama fada."

"W-wace fada?"

"Fada nawa ka sani? Tranehus mana. Babban zauren sama, Asabar ta biyu a watan Yuni, mutum casa'in. Masana'anta ta cika shekara ashirin da biyar."

Jikokin waɗanda suka gina fadar shekara ɗari biyar da suka wuce sun daɗe da komawa wani ƙaramin ɓangare, suna ba da hayar sauran ga masu aure da masu walima. Folke ya san kowane lungu na harabar, har da inda ruwa ke kwanciya idan ƙanƙara ta narke. Amma bai taɓa taka matakalar da ke kaiwa zauren sama ba.

"Kin z-zama 'yar sarauta ke nan," ya ce.

"Ta yini ɗaya, daga ƙarfe biyar. Kai kuma a haguna za ka zauna."

Folke ya ajiye butar a hankali.

Babu wanda ya tashi a ƙasar nan da bai san abin da kujerar hagun uwar biki take nufi ba. Wanda ya zauna a kanta shi ne babban baƙo. Shi zai riƙo hannunta zuwa tebur. Shi ne kuma, idan an kusa gama cin kayan zaƙi, zai ƙwanƙwasa tambulan, ya miƙe, ya yi godiyar abinci a madadin kowa. Ba a wakilta wani, kuma ba a tashi daga tebur sai ya yi.

"Hillevi, k-kin san…"

Ta kurɓi gahawarta ta jira. Tun suna yara haka take yi.

"…kin san h-halin bakina."

"Na san shi tun kafin in san nawa. Akwai sauran burodin kirfa?"

"Ki sa T-Torgny. Yana son m-magana."

Torgny Palmgren shi ne shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar yankin.

"Torgny yana son magana fiye da yadda magana ke son sa," in ji Hillevi. "Zai samu tasa damar. Na riga na rubuta katinka, kuma da tawada na rubuta."

Ta cinye burodin, ta sumbaci goshinsa, ta tafi wurin aiki.

Folke ya yi kwana uku bai taɓa maganar ba ko a ransa. A na huɗu ya nemi tsohon ambulan ya rubuta layi bakwai na godiyar abincin a bayansa. Daga ranar, kullum da hantsi sai ya shiga rumfar itace, ya rufe ƙofa, ya karanta wa gatari da tarin itatuwa. Ranar da bakin ya yi kirki yakan gama a minti uku. Ranar da bai yi ba, ko layi na biyu ba ya kaiwa. Mako takwas ya yi a haka, bai tsallake rana ɗaya ba.

Da safiyar ranar walima shi ya kai cuku fadar a motarsa, ta ƙofar madafa kamar yadda masu kawo kaya ke yi. Yana cikin saukewa sai ga Viveka Rosvall.

Viveka ita ce mai kula da hayar fadar. Shekara goma sha biyu tana wannan aiki, ta shirya walima sama da ɗari uku, kuma ba a taɓa kawo miya a makare a hannunta ba. Kullum tana riƙe da takarda wadda aka tsara komai a cikinta minti-minti. Wajibi ne a yi mata adalci: ta san aikinta. Abin da ba ta sani ba shi ne inda aikin nata ya tsaya.

"Kai ne Folke? Madalla. Minti biyu kawai nake nema."

Ta ja shi gefe, kusa da tulin kwandunan dankali.

"Na ga tsarin zama. Hillevi ta yi maka kara, kuma abin ya burge ni. Amma ni da kai manya ne, mu faɗa wa juna gaskiya. Akwai 'yan jarida biyu. Akwai masu manyan shaguna da za su taso tun daga Stockholm. Godiyar abinci kuma minti biyu na ba ta a takarda."

"Na sh-sh-sh…"

"Ka shiga damuwa, na sani. Ko wane ne zai shiga."

"Na shirya" yake son cewa.

"Ga abin da za mu yi," ta ci gaba. "Zan sa katin Torgny a hagunta, naka kuma in nema masa wuri mai natsuwa. Idan ta tambaya, in ce masu jera kati ne suka yi kuskure, ga shi an riga an zauna. Kai ka ci abincinka hankali kwance, ita ta fita kunya, fadar ma ta fita kunya."

"Ƙ-ƙanwata ta c-c…"

"Ba za ta ji haushi ba. Nan gaba ma gode maka za ta yi."

Ta dafa hannunsa tana murmushi. Kafin ya ankara kansa ya gyaɗa da kansa, irin gyaɗawar da ya saba da ita shekara sittin. Wayarta ta yi ƙara, ta juya ta tafi tana magana a kan furanni.

Ba za a ɓoye ba: a hanyar komawa gida Folke ya ji kamar an sauke masa buhu daga wuya. Ya ci abincin rana sosai, abin da ya yi kwanaki bai yi ba. Ya goge takalmansa, ya sa baƙar kwat ɗinsa. Ambulan ɗin yana kan tebur. Ya dube shi, ya bar shi, ya kai bakin ƙofa, sannan ya dawo ya sa shi a aljihu ba tare da ya tambayi kansa dalili ba.

Ƙarfe huɗu da rabi ya tsallake gadar da ke kan ruwan da ya kewaye fadar. Sauran baƙi suna tsaye a lambu suna gaisawa. Shi ya wuce su, ya hau matakalar dutse, yana ƙirgawa. Talatin da huɗu ne.

Zauren ya fi yadda ya zata tsawo. An jera tebura uku, ɗaya a sama, biyu sun miƙo daga gefensa. Hasken rana yana shigowa ta dogayen tagogi yana sauka a kan fararen mayafan tebur, mutanen da ke cikin tsofaffin hotunan bango kuma suna kallon kowa da ido ɗaya. Ya bi katunan yana karantawa, har ya iske nasa a kujerar ƙarshe, dab da ƙofar masu raba abinci.

"Ka ga ikon takarda," in ji wata murya. "An tuɓe ka tun ba a naɗa ka ba."

Majken ce, shugabar masu raba abinci, gajeruwa mai kaifin baki, wadda suka yi aji ɗaya da Folke a firamare. Tana goge cokula tana duba su a haske.

"Amma kujerar ba ta da laifi," ta ce. "Kusa da ƙofarmu take. Kai za ka fara samun dankali."

Folke ya ja kujerar ya zauna. Ta yi masa daidai. Daga nan babu mai ganinsa sai na kusa, kuma idan ya ga dama yana iya yini bai buɗe baki ba sai don cokali. Kujerar Hillevi tana can nesa, ta zama 'yar ƙarama.

Ya ɗauki katin. Rubutun hannunta ne, ta danna alƙalami har ya fito ta baya. Ta rubuta wa kowa suna da sunan iyali. Shi ta rubuta masa "Yaya Folke".

Ya san abin da zai faru idan ya tsaya a nan. Za ta shigo, ta ga Torgny a hagunta, ta yi murmushi saboda baƙi. Za ta nemo shi da ido har ƙarshen zaure, ta gan shi, ta kau da kai. Ba za ta taɓa tayar da maganar ba, ko gobe ko baɗi. Fada guda ta kama, ta gayyaci mutum casa'in, amma abu ɗaya tak ta nema a wurinsa. Ya auna kunyar tsayuwa a gaban jama'a da wannan shirun nata, ya ga shirun ya fi nauyi.

"M-Majken. Idan na m-maƙale fa?"

"Sai mu tsaya. Ƙafafuna sun saba. Shekara talatin ke nan ina tsaye ina sauraron masu lafiyayyen baki suna faɗin banza."

Folke ya miƙe. Ya ɗauki katinsa, ya taka tsawon zauren, takalmansa suna ƙara a kan katako. Ya ɗauke na Torgny, ya ajiye nasa.

"Kawo wancan," in ji Majken. "Na san inda ya fito."

Ta mayar da katin Torgny wurinsa, ta koma kan cokulanta kamar ba abin da ya faru.

Ƙarfe biyar daidai aka buga ƙararrawa. Folke ya miƙa wa ƙanwarsa hannu a gindin matakala, baƙi suka jeru a bayansu biyu-biyu.

"Hannunka kamar ƙanƙara," ta ce ƙasa-ƙasa.

"K-kwat ɗin ce ta matse ni."

"Kwat ɗin tun bikina take, Yaya. Kai ne ka faɗaɗa."

Viveka tana tsaye a bakin zaure. Ta ga inda Folke ya ja wa Hillevi kujera, ta ga inda ya zauna. Fuskarta ba ta canja ba, domin ta ƙware. Ta dubi takardarta, ta taka wurin Majken, ta raɗa mata wata magana tana nuna butocin gahawa. Majken ta ci gaba da aikinta.

Aka kawo kifi mai gishiri da sabon dankali. Aka kawo naman ɗan rago. Folke ya ci duk abin da aka sa masa, amma da za a tambaye shi me ya ci da bai sani ba.

Ana tsakiyar cin nama Torgny ya ƙwanƙwasa tambulan daga kujerarsa da ke fuskantar ta Hillevi. Nan take masu raba abinci su goma sha biyu suka tsaya cik a inda suke, mai faranti da farantinta, mai buta da butarta. Dokar gidan ke nan: da zarar an ƙwanƙwasa tambulan, ba mai ɗaga ƙafa sai mai magana ya zauna. Viveka da kanta take koya wa kowace sabuwar ma'aikaciya wannan a ranarta ta farko.

Torgny ya yi minti takwas. Ya yabi cuku, ya yabi shanu, ya yabi ƙungiyarsa, ya ba da dariya sau uku a wuraren da ya tsara. Aka tafa masa.

Aka kawo cukun Hillevi iri huɗu. Aka kawo kek mai kirim da jajayen 'ya'yan itacen Yuni. Cokula suka fara rage gudu. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka fara satar kallon kujerar hagu, domin kowa ya san lokaci ya yi.

Hillevi ba ta dube shi ba. Ta naɗe hannuwanta a kan tebur kawai.

Folke ya ɗauki ƙaramin cokali ya ƙwanƙwasa tambulan sau biyu. Ya miƙe. Majken da mutanenta, waɗanda suka shigo da butocin gahawa, suka tsaya a jikin bango.

Ya ciro ambulan, ya dube shi, ya kife shi a kan tebur. Ya san abin da ke ciki.

"H-Hillevi. J-jama'a."

Wannan ya fita. Ya ja numfashi.

"Na g-g-g…"

Kalmar ta tsaya. Ya sake turawa, haɓarsa tana rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ba ta fito ba. Wani ya yi tari. Wata mata daga Stockholm ta sunkuyar da kai tana gyara mayafin goge baki da ke cinyarta. Ɗaya daga cikin 'yan jaridar ya dubi agogo.

Torgny ba mugun mutum ba ne, shiru ne ba ya iya ɗauka. Ya ɗaga tambulan ɗinsa ya ce da babbar murya, "Gode. Na gode, yake son cewa. Mu ma duka mun gode, ko ba haka ba?"

Hannaye da dama suka kai ga tambulan cikin jin sauƙi. A bakin ƙofa Folke ya hango Viveka ta ɗaga hannu tana yi wa Majken alama a zuba gahawa. Majken ta ɗaga kai tana nazarin rufin zaure. Sauran sha ɗaya suka dubi Majken, suka tsaya inda suke.

A wannan lokacin hanya a buɗe take. Da ya gyaɗa kai ya zauna, da an tafa, da kowa ya ce ya yi ƙoƙari, ba kuma wanda zai ga laifinsa.

Folke ya ɗaga tafin hannunsa, faffaɗan hannun mai tatsar shanu.

"B-ba ita ba ce, Torgny. Ajiye t-tambulan."

Wani manomi a ƙasan tebur ya yi 'yar dariya. Torgny ya yi jajir har kunnuwa, ya ajiye. Sauran ma suka ajiye.

Folke ya koma kan kalmarsa daga farko.

"Na g-g-goya ta."

Ya nuna tagar da ke kallon bayan fada.

"D-daga gidanmu zuwa ƙofar m-madafar can. Kowace Alhamis. Sh-shekarar da Baba ya r-rasu, Mama tana k-kwance. Ina da sh-shekara sha uku. T-tana da huɗu."

Kowace jimla sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito, kuma tsakanin jimla da jimla akwai shiru mai tsawo. Viveka ta sake ɗaga hannu. Ba wanda ya motsa.

"Mai d-dafa abincin gidan nan t-takan ba mu r-ragowar miyar wake. A b-bokiti. Hillevi a b-bayana, bokiti a hannuna. Ba mu t-taɓa zubar da ko c-cokali ɗaya ba."

Matar Stockholm ta bar mayafin cinyarta. Hillevi tana zaune a miƙe, haɓarta a sama, tana kallon baƙinta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai cewa duk wanda ke ganin akwai abin kunya a nan ya faɗa.

"Wata rana ta t-tambaye ni, su wa ke ci a s-sama? Na ce, m-manya. Ta ce, to, in na g-girma zan kai ka."

Ya juyo ya dubi ƙanwarsa.

"Ta k-k-k…"

Wannan maƙalewar ta fi ta farko. Ta kusa minti guda. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya dafa tebur da hannu biyu. Mutum casa'in ne a zauren, kuma babu ɗaya da bai san kalmar da ke zuwa ba. Leɓen Torgny ya motsa, ya danne shi da yatsa. Ba wanda ya faɗe ta. Suka bar masa abarsa.

"…kawo ni."

Ya goge goshinsa da bayan hannu.

"Abin da muka ci yau ba r-ragowar kowa ba ne. N-nata ne. Hillevi, a m-madadin kowa da kowa, mun g-gode da abinci."

Ya zauna. Layi bakwai ne, sun ɗauki minti goma sha ɗaya.

Torgny ne ya fara miƙewa tsaye, a yi masa wannan shaida. Sauran suka bi shi, kujeru suna ƙara a kan katako. Aka ɗaga tambulan, aka dubi uwar biki ido cikin ido kamar yadda al'ada ta tanada, sannan aka dubi yayanta, wanda al'ada ba ta tanada ba. Tafin ya daɗe.

Hillevi ta karkato kusa da kunnensa.

"Ka manta ba ka ce kunnuwanka nake riƙewa ba."

"Har y-yanzu suna ciwo."

Ta kama hannunsa a ƙarƙashin tebur, ba ta sake shi ba har aka gama. Gahawar da aka zuba ta riga ta huce. An shanye ta a haka, ba wanda ya yi ƙorafi.

Wajen ƙarfe takwas aka sauko. Rana tana nan a kan hasumiyar fadar, domin a watan Yuni ba ta faɗuwa da wuri a ƙasar nan, baƙi suka bazu a lambu. Folke ya tsaya a gindin matakala yana kwance maɓallin wuyansa, sai ya ji muryoyi biyu a bayan ƙofar madafa.

"Sau biyu na ɗaga miki hannu, Majken."

"Na gani. Na ɗauka gaishe ni kike yi."

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma haka. Ke kika koya mana cewa ba a ɗaga ƙafa sai mai magana ya zauna. Ba ki taɓa ce mana dokar ta masu saurin baki ce kaɗai ba."

Folke ya fita zuwa kan gada, ya jingina da dutse yana kallon agwagi. Jim kaɗan ya ji takun takalmi a bayansa.

Viveka ce. Ba takarda a hannunta, kuma da alama ba ta san inda za ta sa hannuwan ba.

"Folke, game da ɗazu da safe," ta ce. "Katin nan. Ni dai abin da na duba shi ne… wato, a irin aikinmu, mutum yakan…"

Ta dubi ruwa, ta dubi takalmanta.

"Abin da nake so in ce shi ne, na…"

Folke ya san kalmar. Tana kan harshensa, kuma ya ji a jikinsa cewa wannan karon da ta fita ba gargada. Bai faɗe ta ba. Ya juyo ya fuskance ta sosai, ya sa hannuwansa a baya, ya dubi fuskarta ba agogo ba, ya jira.

Agwagwa guda ta nutse ta taso. A lambu wani ya kira sunan Viveka, ba ta waiwaya ba.

"Na raina ka," ta ce a ƙarshe. "Na kuma yi maka magana a baki. Ka yi haƙuri."

"Kin g-gama?"

"Na gama."

"To. Na h-haƙura." Ya tsaya neman kalma, ita kuma ta jira shi. "N-naman ya yi kyau, in ji su. Ni b-ban ji ɗanɗanonsa ba."

"Akwai saura a madafa," in ji Viveka. "Ka hau sama ka koma kujerarka. Ni zan kawo maka da hannuna."

Folke ya gyara kwat ɗinsa, ya sake hawa matakalar.

Darasi: Kalmar mutum tasa ce, ko da za ta ɗauke shi minti guda kafin ta fito. Wanda ya ƙarasa wa wani magana yana ganin taimako ya yi, alhali ƙwace ya yi, kuma sau da yawa abin da ya sa masa a baki ba shi ne abin da ke zuciyarsa ba. Wanda kuma aka ba kujerar girma saboda ya cancanta, kada ya sauka daga kanta don wani ya ƙosa. Yau ɗin nan, idan wani ya tsaya neman kalma a gabanka, tsoho ne ko yaro ko mai in'ina, rufe bakinka ka jira shi. Sannan ka tura wannan labari ga mutum guda da ka san yana katse mutane, kuma ka fara karanta wa kanka.